Tarar naira 750,000 a kan biliyan 23: shari'ar John Yakubu Yusufu da abin da ake nema da hukunci

Ranar Litinin, 28 ga Janairu, 2013, aka karanta wa John Yakubu Yusufu tuhuma uku a gaban Mai Shari'a Abubakar Talba na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Abuja. Duk wadda aka karanta sai ya ce ya aikata. Mutumin tsohon mataimakin darakta ne a Ofishin Fanshon 'Yan Sanda, kuma abin da ya amsa da bakinsa shi ne da hannunsa a karkatar da kuɗin fansho kimanin naira biliyan 23. Alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara biyu a kan kowace tuhuma, ya ce a haɗa su su tafi lokaci guda, sannan ya ba shi zaɓin biyan tarar naira 250,000 a madadin kowacce. Jimla 750,000 ke nan. A ranar aka biya kuɗin, mutum ya shiga mota ya kwana a gidansa.

Ga mai son lissafi, a raba biliyan 23 da 750,000, za a samu kusan dubu talatin. Wato tamkar a kama mutum ya yi sama da faɗi da naira dubu talatin ne, a ce ya ajiye naira ɗaya ya kama gabansa. A wancan lokaci mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, saboda haka tarar ta kai albashin ƙaramin ma'aikaci na kusan shekara uku da rabi. A wajen masinjan ofishin, kuɗi ne da zai sayar da gonar gado bai haɗa ba. A wajen wanda aka yanke wa hukuncin kuwa, ko kuɗin fentin ɗaya daga cikin gidajensa ba lallai su kai ba. Na ce gidaje domin a zaman nan ne kotu ta mallaka wa gwamnati kadarorinsa 32 da ke Abuja da Gombe, da tsabar kuɗi naira miliyan 325. Mutane kan manta da wannan ɓangare idan ana ba da labarin, kuma zan dawo kansa.

Kuɗin na waye? Na tsofaffin 'yan sanda ne da ke kan tsohon tsarin fansho, wanda gwamnati ke biya kai tsaye daga baitulmali, da kuma iyalan waɗanda suka rasu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wajen tantance 'yan fansho a shekarun nan ya san yadda abin yake. Dattijo ne zaune a kan dakali tun asuba, ya ƙunshe takardar ɗaukarsa aiki da ta sallama da hotuna a cikin leda saboda gumi, ya ci bashin kuɗin mota daga ƙauye, jikansa na riƙe masa sanda. In rana ta yi a ce sunansa bai fito ba, ya dawo wani watan. A daidai lokacin da ake ce wa mai rai sunansa bai fito ba, ana biyan sunayen da babu masu su. An ba kura ajiyar nama, ta kuma yi abin da aka san ta da shi.

Hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana ta gurfanar da John Yakubu tun a 2012 tare da wasu jami'ai, cikinsu har da tsohon babban sakatare, a kan badaƙalar naira biliyan 32.8. Da farko duk sun musanta. Daga baya shi kaɗai ya sauya magana, bayan an zauna tsakanin lauyoyinsa da masu gabatar da ƙara an ƙulla abin da za a iya kira cinikin amsa laifi: ka amsa, ka sallama dukiya, ka hutar da kotu kiran shaidu, mu kuma mu rage maka nauyin tuhuma. Aka gyara takardar tuhumar ta koma guda ashirin, ya amsa uku na ƙarshe, aka bar sauran mutanen da shari'ar da ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mafi yawan masu zagin alƙali ba su leƙa ba. Tuhuma ukun da ya amsa an ɗora su ne a kan sashe na 309 na Kundin Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, sashen da ke magana kan karkatar da dukiyar wani zuwa amfanin kai. Hukuncin da sashen ya tanada shi ne ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tara, ko duka biyun. A cikin kundin nan dai akwai sashe na 315, na cin amana daga ma'aikacin gwamnati da aka damƙa wa dukiya, wanda hukuncinsa ke kaiwa shekara 14, ga tara a kai. Wanne ne ya fi dacewa da jami'in da aka ba riƙon kuɗin fansho? Ba sai an je makarantar lauyoyi ba. Ko sata tsagwaronta, wadda ake tuhumar ɓarawon akuya da ita a ƙarƙashin sashe na 287, tana kaiwa shekara biyar. Ranar da masu gabatar da ƙara suka yarda aka sauko daga 315 zuwa 309, ranar aka yanke rabin hukuncin, tun alƙali bai ɗauki biro ba.

Kundin kansa tsoho ne. An yi shi a 1959 domin Jihar Arewa, ya fara aiki a 1960, an kwaikwayo shi daga na Sudan, wanda shi ma ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Waɗanda suka rubuta sashe na 309 suna tunanin mutumin da ya tsinci jakar wani ya riƙe, ko ɗan aike da ya cinye kuɗin saƙo. Ba su da labarin biliyan.

Duk da haka wannan bai wanke alƙali tas ba. Lauyan EFCC, Rotimi Jacobs, ya nuna rashin amincewarsa da zaɓin tarar tun a zauren kotu, hukumar kuma ta ce fahimtar da aka yi ita ce mutumin zai yi zaman gidan yari. Lauyan wanda ake tuhuma ya yi roƙon sassauci irin wanda aka saba: wannan ne karonsa na farko, bai ɓata wa kotu lokaci ba, ba shi da cikakkiyar lafiya, akwai masu ci a ƙarƙashinsa. Alƙali ya saurara, ya zaɓi mafi sauƙin abin da doka ta ba shi dama. Doka ta ce "ko duka biyun", bai ɗauka ba. Doka ba ta ƙayyade iyakar tarar ba, ya tsaya a 250,000. Yana da ikon cewa ɗaurin ya tafi ɗaya bayan ɗaya, ya ce a haɗe. Ƙofa uku a buɗe, duk ya bi ta wadda ta fi kusa da titi.

To me ake nema da hukunci tun farko, har za a ce wannan bai biya buƙata ba? Shekara biyu bayan wannan shari'a, a watan Mayun 2015, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar gudanar da shari'ar laifuka da ake kira ACJA, wadda sashenta na 401 ya jera manufofi bakwai da alƙali zai riƙe a zuciya: hana mai laifin sake aikatawa, killace shi daga jama'a, gyara halinsa, tsoratar da wasu, wayar da kan jama'a su san abin da al'umma ta ƙi, saka masa daidai da abin da ya shuka, da mayar wa wanda aka zalunta haƙƙinsa. Dokar ba ta nan a ranar da aka yi hukuncin, amma ba ita ta ƙirƙiro waɗannan manufofi ba. Duk mai unguwar da ya taɓa sasanta rikicin ɓarnar gona ya san su, ko da bai ƙirga ba.

Biyu daga ciki ba sa buƙatar dogon zance a nan. Killacewa ana yin ta ne ga wanda sakinsa hatsari ne, kamar ɗan fashi, John Yakubu kuwa ya riga ya bar kujerar da yake ɓarna a kai. Gyaran hali ma, gaskiya ba na jin koyon ɗinki ko kafinta a gidan yarin Kuje zai ƙara wa tsohon mataimakin darakta wani abu.

Inda maganar take shi ne izina. Hausawa sun taƙaita ta da cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Hukuncin almundahana wasiƙa ce da kotu ke aika wa duk mai riƙe da makullin asusun gwamnati, daga akawun ƙaramar hukuma har babban akanta. Ɓarawon biro ba kamar mai faɗan zuciya ba ne da ya ɗaga taɓarya cikin fushi. Shi zama yake yi ya auna: nawa zan samu, wace dama ce za a kama ni, in an kama ni me zai same ni. Irin wannan mutum shi izina ta fi yi wa aiki, domin da lissafi ya shiga laifin, lissafi ne kuma zai hana shi. Wasiƙar da ta fita daga kotu a ranar 28 ga Janairu cewa ta yi: in za ka ɗiba, ɗebi da yawa, yadda za ka ware na lauya, ka ware na sallamawa, ka ware na tara, saura kuma naka ne. Ba kuma ita ce wasiƙar farko ba. Tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun wata shida aka ba shi a 2005. Tsohon gwamnan Edo, Lucky Igbinedion, tarar naira miliyan 3.5 ya biya a 2008. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic wata shida ta samu a 2010, duk da cewa ita an ƙwace mata dukiya mai ɗimbin yawa. Abin ya kai har Alƙalin Alƙalai na lokacin, Dahiru Musdapher, ya fito fili a 2011 yana sukar wannan ciniki, yana cewa baƙon abu ne da ba a yarda da asalinsa ba.

Sai sakayya, wato hukunci ya yi daidai da girman laifi. Wasu masana kan ɗan ji kunyar wannan manufa, suna ganin ramuwa ce aka yi wa kwalliya. Ni ban ga abin kunya ba. Mutumin da aka zalunta yana da haƙƙin ya ga cewa hukuma ta ɗauki zaluncin da nauyin da shi ya ji shi, in ba haka ba zai daina kai ƙara. Mun kuma san inda wannan ke kaiwa, domin taron da ke rufar wa ɓarawon waya da duka a bakin kasuwa, in ka tambaye su, amsar ɗaya ce: in an kai shi gobe za ka gan shi a gari.

A nan ne zancen zaɓin tara ya dame ni, har ya fi zancen John Yakubu kansa. Na sha zama a bencin baya na wata kotun majistare, kuma abin da ake gani kusan kullum iri ɗaya ne. A kira ƙara, a fito da saurayi da silifas ɗaya, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta cewa ya saci buhun masara ko injin ban ruwa. Ya amsa, domin an gaya masa in ya musa zai koma jiran shari'a ba ranar fita. Alƙali ya ce wata shida ko tarar dubu ashirin, ya kuma biya mai kaya diyya. Daga nan sai kallo ya koma waje, gindin bishiya, inda uwa ke kwance bakin zani tana ƙirga 'yan canji, ƙanin uba na ta buga waya yana cewa a taimaka a turo ko nawa ne kafin motar gidan yari ta tashi. Wani a haɗa, wani ba a haɗa ba. Wanda ba a haɗa ba ya hau mota. A takarda hukuncinsu ɗaya da na darakta: ɗauri ko tara. A aikace kuwa, kalmar "ko" ɗin nan ƙofa ce da aljihu kaɗai ke buɗe ta.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya je Kuje ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 daga sassan ƙasar nan, waɗanda ba abin da ya riƙe su sai kasa biyan tara ko diyya. Kuɗin da aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni domin fansar su duka naira miliyan 585 ne. In aka raba, kowane mutum bai kai 150,000 ba. Tsabar kuɗin da aka samu a hannun John Yakubu kaɗai, ban da gidaje, ya haura rabin abin da ya fanshi mutum dubu huɗu.

Akwai ƙasashen da suka gane wannan matsala suka sauya yadda ake yanka tara. A Finland da Jamus, alal misali, alƙali kan yanke adadin kwanaki ne gwargwadon laifi, sannan a auna abin da mutum ke samu a rana a ninka, ta yadda attajiri da leburan da suka yi laifi ɗaya za su ji zafi iri ɗaya ko da kuɗin da suka biya ya bambanta. Ba sai mun je can ba ma, domin fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ya bar wa alƙali wannan faɗi a babin ta'aziri, wato horon da shari'a ba ta ƙayyade ba, ya dubi laifin, ya dubi mai laifin, ya zaɓi abin da zai tsawatar da shi.

Tun da an zo nan, bari in taɓa kwatancen da ya fi yawo a bakin mutanen Arewa a makon da aka yi hukuncin. An yi ta tuna Buba Bello Jangebe, wanda aka yanke wa hannu a Zamfara a watan Maris na 2000 saboda satar saniya, ana cewa ga na saniya ga na biliyan. An yi ta jan hadisin matar nan ta Banu Makhzum, inda Annabi (SAW) ya faɗi cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Kwatancen ya taɓa zuciya, kuma ta fuskar adalci yana kan hanya. Amma ta fuskar fiƙihu akwai ɗan gyara. Haddin sata yana da sharuɗɗa: kayan su kai nisabi, a ɗauke su a ɓoye daga ma'ajiyarsu. Wanda aka damƙa wa dukiya da hannu ya ci, sunansa maci amana, kuma malamai sun tafi a kan cewa hukuncinsa ta'aziri ne tare da biyan abin da ya ci. Wato ko a can ɗin ma, al'amarin zai dawo ne kan hankalin alƙali da tsoron Allahnsa, inda ya tsaya a kotun Abuja. Masu kiran a koma harbe ɓarayin gwamnati kamar ƙasar Sin su ma sun tsallake tambayar: wanda ya iya sauko da tuhumarsa daga shekara 14 zuwa biyu, zai kasa sauko da ita daga kisa?

Hayaniyar da ta biyo baya ta yi aiki, ko da rabi da rabi. Ƙungiyoyin farar hula suka fita zanga-zanga a Abuja. EFCC, a ƙarƙashin Ibrahim Lamorde, ta sake cafke mutumin cikin kwana biyu, ta kai shi Babbar Kotun Tarayya a kan wata tuhuma daban, ta ɓoye wasu kadarori a takardar bayyana dukiya. A watan Afrilun 2013 Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, NJC, wadda Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ke shugabanta, ta dakatar da Mai Shari'a Talba na wata goma sha biyu ba albashi, bisa cewa bai yi amfani da damar da doka ta ba shi yadda ya kamata ba. A lura, ba a ce ya karya doka ba. An ce ne ya auna da mudun da bai dace ba. Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne alƙalin ya yi asarar albashin shekara guda, horon da a kuɗi ya fi wanda shi ya ɗora wa mai laifin.

EFCC ta ɗaukaka ƙara a shekarar, amma sai a watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja ta yanke hukunci. Ta soke zaɓin tara. Ta ce shekara bibbiyun nan su tafi ɗaya bayan ɗaya, shida ke nan. Ta kuma ɗora masa biyan naira biliyan 20 a tuhuma ɗaya, biliyan 1.4 a ta biyu, biliyan 1.5 a ta uku, jimla biliyan 22.9. Abin lura shi ne ba a sauya ko wasali ɗaya a sashe na 309 ba. Da dokar da ta haifi 750,000, da ita aka haifi shekara shida da biliyan 22.9. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa nau'in hukunci, ɗauri ne ko tara, a haɗe ne ko a jere, da zaɓi ko babu, ba ƙananan bayanai ba ne da ake bar wa magatakarda. Mai sauraron labarai a rediyo ya kan ji "shekara biyu-biyu a kan tuhuma uku" ya ɗauka shida ne, alhali kalma ɗaya a ƙarshen jimlar ce ke raba shida da biyu, wata kalmar kuma ta raba biyu da babu.

Sai dai hukunci a takarda daban, mutum a hannu daban. Lokacin da aka yi wannan hukunci John Yakubu na waje, kuma bai kawo kansa ba. Sai a watan Yunin 2020 jami'an EFCC suka kamo shi a Jihar Gombe, aka kai shi gaban Mai Shari'a Baba Yusuf, ya ba da umarnin a wuce da shi Kuje ya fara zaman. Shekara bakwai da wata biyar ke nan daga ranar da ya ce "na aikata". Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, haka ne, amma nan kwanakin ɓarawon sun haura dubu biyu da ɗari bakwai, kuma masu kayan tsofaffi ne da ba su da irin wannan lokaci. A shekarar 2020 ɗin ce ma Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa ya gyara harkar fanshon, ya tsallake beli ya tsere, sai a Yamai aka kamo shi, mai tsaya masa Sanata Ali Ndume ya ɗanɗana kwanan Kuje a dalilinsa, daga baya aka ɗaure Maina shekara takwas a 2021.

Jinkirin nan ya ci manufar da na fi ba muhimmanci a laifin dukiya, wato mayar da haƙƙi. Masu kare cinikin amsa laifi hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ba na raina ta: shari'ar almundahana kan shekara goma ba a gama ba, shaidu su mutu, a yi wa alƙali ƙarin girma a koma farko, gara a karɓi gida 32 yau da a yi ta bin biliyan 23 har abada. Da a ce ana sayar da gidajen a zuba kuɗin a asusun da aka ɗebo su, ɗan fansho ya ji ƙarar shigowar kuɗi a wayarsa, da na ce a yi ta yi. Amma abin da aka ƙwace gwamnati ake mallaka wa, ɗan fansho kuwa ba shi da kujera a teburin da aka yi cinikin. Ga kuma abin da lokaci ke yi wa naira. A farkon 2013 dala ɗaya tana wajen naira 157, wato biliyan 22.9 ta kai dala miliyan 145. A 2022 dala ta haura naira 410 a farashin gwamnati, kuɗin ya koma wajen dala miliyan 55. Da dala ta kai 1,500 a 2024, ya dawo dala miliyan 15. Ko da za a biya tarar nan cif-cif a yau, ba abin da aka ɗiba aka dawo da shi ba. Gidaje kuwa, ga duk wanda ya saya da irin wannan kuɗi ya tsira da su, kullum daraja suke ƙarawa.

An yi gyare-gyare bayan wannan shari'a, ba za a ce ba a yi ba. A 2013 aka kafa hukumar PTAD ta karɓi ragamar tsohon tsarin fansho, har da na 'yan sanda. Sashe na 270 na ACJA ya sa wa cinikin amsa laifi linzami: a rubuta yarjejeniyar, a ji ta bakin wanda aka zalunta, kada alƙali ya shiga zaman cinikin, in kuma ya ga hukuncin da aka shirya ya yi sauƙi ya faɗa wa wanda ake tuhuma, shi kuma ya zaɓa ko ya karɓi mai nauyin ko ya janye a koma gaban wani alƙali. Dokar ta kuma buɗe hanyoyin da ba na kurkuku ba ga ƙananan laifuka, irin su ɗaurin talala da aikin yi wa al'umma hidima, sannan dokar 2019 ta sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali ta kafa sashen kula da masu irin wannan hukunci. Saurayin buhun masara shi ya fi kowa buƙatar wannan, ya share asibiti wata uku yana kwana a gida, maimakon a cusa shi ɗakin da kusan biyu cikin kowane mutum uku jiran shari'a suke yi.

Akwai dai wata gaɓa a ACJA da nake ɗan ɗaga gira a kanta. Sashe na 416 ya ce kada kotu ta yanke wa mai laifin farko mafi tsananin hukunci. Ga saurayin nan, rahama ce. Amma babban jami'i kusan kullum "mai laifin farko" ne, domin ba a taɓa kama shi ba. Biliyan 23 ba a rana ɗaya ake ɗibarta ba. Cak ne bayan cak, sa hannu bayan sa hannu, wata da watanni, kowanne da niyyarsa. A kira wannan karon farko, an yi wa kalmar rowar ma'ana.

A watan Afrilun 2022 Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar. Ta tabbatar da shekara shida da biliyan 22.9, Mai Shari'a Tijjani Abubakar ne ya rubuta jagoran hukuncin. Shekara shidan ma a lissafin gidan yari ba shida ba ce, domin fursunan da ya zauna lafiya akan yafe masa kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa ake cewa shekarar gidan kaso wata takwas ce. A cikin wannan watan na Afrilu dai, Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta zauna a fadar shugaban ƙasa ta amince da afuwa ga fursunoni 159, bisa ikon da sashe na 175 na tsarin mulki ya ba Shugaba Muhammadu Buhari. A cikin jerin akwai tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye, mai ɗaurin shekara goma, da tsohon gwamnan Taraba Jolly Nyame, mai ɗaurin shekara goma sha biyu, waɗanda EFCC ta shafe sama da shekara goma tana shari'a da su a kan kuɗin jihohinsu har Kotun Ƙoli. A watan Agusta suka fito daga Kuje.